Abin Da Alaramma Ya Ɓoye A Ƙarƙashin Rawani

Akwai wani alaramma a Ƙofar Kibo, cikin birnin Zariya, ana ce masa Malam Abdulhamid. Shi ne mai ja wa Malam Haidar baƙi a tafsirin azumi na masallacin unguwarsu, tun kafin a haifi yawancinku masu bin wannan shafi.

Murya kam, Allah ya ba shi. Idan ya ja aya bayan la'asar, mai suyar ƙosan buɗa-baki takan tsaya da matsami a hannu har ƙosan ya ƙone.

Shi ma ya san Allah ya ba shi. Kafin ya fara sai ya gyara rawani, ya yi gyaran murya, “Ehem. Ehhhem,” sannan ya bi sahun gaba da kallo kamar mai neman wanda bai zo ba.

Kun san yadda aikin yake. Alaramma ya ja aya, malam ya fassara ya yi bayani, in ya gama alaramma ya ja ta gaba. To, Malam Haidar mutum ne mai yawan tsayawa yana tunani a tsakiyar magana, don haka shirunsa ba ya nufin ya gama. Idan ya gama da gaske, sai ya kau da baki daga makirfo, ya ce ƙasa-ƙasa ta bayan amawalin da ya rufe masa leɓe, “Na'am, Alaramma.”

Da wannan 'yar kalma Malam Abdulhamid yake sanin lokacinsa ya yi. Duk aikin a kunne yake.

Kunnen kuwa shi ne ya fara tafiya.

A azumin bara ya sha faɗawa cikin maganar Malam, bayani bai ƙare ba shi ya ja aya. Wani lokacin kuma Malam ya ce na'am, shi yana zaune ido a lumshe, har sai wani a sahun gaba ya yi tarin ƙarya. Da bana ta matso, sai kwamitin masallaci ya kawo wani matashin mahaddaci daga Kwarbai, sunansa Suhail, aka ce zai riƙa zama a bayan Alaramma a matsayin mataimaki.

Kowa ya san abin da ake nufi da mataimaki. Shi ma ya sani. Idan ya sake tuntuɓe bana, buzun nan da ya tsufa a kansa ya bar shi.

A gida kuwa, matarsa Hajo ta rasa yadda za ta yi da shi. In ta yi magana a hankali sai ya ce, “Ku mutanen gidan nan kun koyi magana ta hanci.” In ta ɗaga murya sai ya ce, “Ke Hajo, mene ne na ihu? Nan tashar mota ce?”

Autarsu Tayyiba ce ta yi ƙarfin hali. Tun cikin Rajab ta je asibiti ta samo masa ranar ganin likitan kunne. Ta durƙusa a bakin ƙofar turakarsa.

“Baba, leƙawa kawai zai yi. In ta kama, ya ba ka na'urar ji.”

“Na'urar me?”

“Ta JI, Baba.”

“Wannan mai kama da dodon-koɗi da ake maƙala wa mutum a bayan kunne?” Ya ajiye carbi. “In je in zauna a benci, a ƙwala kiran sunana, rabin matan birnin nan suna kallo? Gobe a ce alaramman Ƙofar Kibo kurma ne? Kunnena lafiya lau. Sanyi ne.”

“Baba, sanyi tun bara?”

“Sanyin zamanin nan naci gare shi. Tashi ki ba ni wuri.”

Ranar likita ta zo ta wuce.

Ana saura kaɗan a ga watan azumi, yana zaune a dakalin abokinsa Dogara, mai aikin wuyan babbar riga, sai ga wani saurayi ya zo wucewa yana magana shi kaɗai, yana dariya, yana wurga hannu.

“Allah sarki,” in ji Alaramma. “Ɗan gidan wa ya taɓu?”

Dogara ya yi dariya har allura ta faɗi. Ya matso ya ɗaga murya. “Lafiyarsa ƙalau! Ba ka ga farin abin da ke kunnensa ba? Iyafis ne, marar igiya. Magana yake kawo wa mutum har cikin ƙwaƙwalwa, tar-tar, na kusa da kai ma bai san kana ji ba.”

Idon Alaramma kuwa ya bi kunnen yaron har ya sha kwana. Abu ɗan ƙarami. Fari. Rawani zai rufe shi ruf.

Washegari ya hau Keke ya fita bayan ganuwa, can Tudun Wada inda ba a san shi sosai ba. Ya shiga shagon wani mai kayan waya ɗan Wusasa, Alex. Ya nuna kunnensa, ya nuna akwatin gilashi.

Alex ya ɗauko ya ba shi, ya ce, “Baba, kawo wayarka in haɗa maka su. Sai an haɗa suke aiki.”

“Ba nawa ba ne. Saƙo ne.”

“To ka gaya wa mai saƙon ya kunna bulu...”

Alaramma ya riga ya kai bakin titi.

Ranar farko ta azumi ya cusa su a kunne, ɗaya nan ɗaya nan, ya naɗa rawani a kai, ya tafi masallaci yana taku ɗai-ɗai. A tunaninsa magana ta ƙare.

Jama'a, mutumin da kunnensa a buɗe ma da ƙyar yake ji, yau ya toshe shi da roba, ya bi da yadi ya naɗe.

Tafsirin ranar bai yi daɗi ba. Ya tari numfashin Malam a wurin da ake bayanin gado, ya yi shiru a wurin da ake jiransa. Da aka shafa addu'a, shugaban kwamiti ya biyo shi har wurin takalma, yana murza hannu, yana wannan murmushin na masu kawo mugun labari.

“Alaramma, sannu da ƙoƙari. Eh... muka ce ko gobe a ɗan bar yaron ya karɓa, ka ɗan huta? Azumi da girma...”

Wannan kam ya ji ta, don a bakin kunnensa aka faɗa.

“Ban gaji ba,” ya ce.

“To, to, to. Mu ga goben.”

Washegari da hantsi ya tura ƙofar turaka, ya baje kaya a kan buzu: ga waya, ga ɗan farin akwatin iyafis, ga 'yar takardar da ta zo ciki da rubutun boko ƙanana kamar sawun tururuwa. Shi kuwa Larabci da ajami ya sani. A boko, lambobi kaɗai ne abokansa.

Ya buɗe akwatin, wata 'yar wuta ta ƙifta masa ido. Ya rufe. Ya sake buɗewa. Ya ɗauki iyafis ɗaya ya goga a jikin waya, wai ko za su san juna. Ya ɗora shi a kan fuskar wayar ya zuba ido. Ya yi bismilla ya hura musu iska. Da ya mayar da ɗaya kunne, a shirun ɗakin, sai ya ji wata mata can nesa kamar daga cikin rijiya tana cewa, “Feeerin... feeerin...”

Ya fizge shi ya leƙa bayan labule.

A haka Tayyiba ta same shi, ta shigo da tsintsiya. Ta dubi kayan, ta dubi mahaifinta, zufa na bin gemunsa. Ba ta yi dariya ba, Allah ya yi mata albarka, don ni dai ban san yadda ta iya ba. Ta jingine tsintsiyar ta durƙusa kusa da kunnensa na dama, wanda ya fi ɗan ji.

“Baba, in taimaka?”

“Saƙon wani ne nake dubawa.”

“To in taimaka wa mai saƙon?”

Can ya ce, “Ki faɗa da baki. Ni zan danna. Kada ki taɓa min komai.”

“To, Baba. Mayar da su cikin akwatin, ka bar murfin a buɗe. Ka ga ɗan maɓallin nan na baya? Danne shi, kada ka saki, sai wutar ta fara ƙiftawa da sauri.”

Ya danne. Wuta ta kama ƙifce-ƙifce.

“Yanzu sa yatsa a saman wayar ka jawo ƙasa. A'a, a hankali, ba yanka za ka yi ba. Yawwa. Ga wata alama nan shuɗiya, sunanta bulutut. Danne ta ka ɗan jima.”

“Bulu me?”

“Bulutut.”

“Allah ya sawwaƙe.” Ya danne.

Wayar ta yi ta juya wani ɗan zobe tana nema. Can sai wani rubutu ya fito.

“Ka ga wannan? Sunan abin kunnen ke nan. Taɓa shi.”

“Na sama.”

“E, yau dai shi ne a sama, don shi kaɗai ne a kusa. Amma ka duba yadda haruffan suke, saboda wata rana...”

“Na sama. Na riƙe.”

Ya taɓa. Ya sa su a kunne. Matar cikin rijiya ta sauya magana, ta ce, “Kanekted,” wato sun haɗu.

Tayyiba ta roƙe shi ya bari ta taɓa wayar sau ɗaya tak. Ta nemo wani tsohon karatunsa da wani ya ɗauka a masallaci ya tura mata tuntuni, ta ƙure murya, ta kunna.

Malam Abdulhamid ya sandare.

Muryarsa ce. Ba wannan gunjin da yake ji a cikin kansa idan yana karatu yanzu ba. Muryarsa ta da, kowane harafi a mazauninsa, kowane madda da tsawonsa, har numfashin da yake ja tsakanin aya da aya. Ya manta rabonsa da jin wani abu haka. Hawaye ya gangaro ya shige gemu, bai share ba.

“Ashe haka nake,” ya ce.

Da karatun ya ƙare ya dubi 'yarsa fuska a sake. “To yi magana in ji.”

Ta yi magana. Ya ga bakinta yana motsi. Bai ji komai ba.

“Na ce ki yi magana.”

Ta nuna masa ya cire. Ta matso.

“Baba, wannan ba na'urar ji ba ce. Abin da ke cikin waya kaɗai yake kawowa. Maganar mutane ba ya ɗauko ta. Toshe ta ma yake yi.”

Ya dubi 'yan fararen abubuwan a tafin hannunsa. Kafaɗunsa suka sauka. Mutumin da ko zazzaɓi bai taɓa sa shi ya jingina da bango a gaban 'ya'yansa ba, yau ya jingina.

“Baba, mu je asibiti. Ko ka bari a gaya wa Malam Haidar gaskiya.”

“Ko Malam Haidar, ko kowa. In kika faɗa, ban yafe ba.”

Tausayi ne ya sa Tayyiba ta kawo shawarar da ta kawo, kuma har yau tana cewa da ta sani da ta haɗiye ta.

“To ga wata dabara. Ni ina ɓangaren mata, ina jin Malam sarai, har na'am ɗinsa na saba da ita. Kafin a fara zan kira wayarka, ka ɗauka ka sa a aljihu. Zan rufe muryata. Duk sanda ya gama, sai in buɗe in raɗa maka.”

Ya miƙe zaune. “Zai yiwu?”

“Zai yiwu. Amma Baba, ka ji wannan da kyau: an riga an haɗa su. Daga yau ba sai ka sake danna komai ba. Kana buɗe akwatin za su nemi wayar da kansu.”

Ya kaɗa mata hannu. Leɓensa na motsi, yana bita kamar mai tilawa: “Maɓalli, shuɗiya, na sama. Maɓalli, shuɗiya, na sama.”

“Baba, na ce ba sai...”

“Ke! Ni da na riƙe izu sittin, abu uku ne za su gagare ni?”

Ranar ya yi alwala a gida, ya sa su a gabanta, ya naɗa rawani. Kuma tafsirin ranar, wallahi sai wanda ya gani. Malam na cewa na'am, raɗa na shigowa, “Yanzu, Baba,” shi kuwa ya saki murya. Ko sau ɗaya bai kuskure ba. Shugaban kwamiti ya rasa inda zai sa murmushinsa.

Da za a tashi, Alaramma ya waiwaya ya dubi Suhail sama da ƙasa.

“Yaro, kana koyo ko kana gyangyaɗi?”

“Ina koyo, Allah gafarta Malam.”

“To ka daɗe kana koyo.”

Washegari tun kafin la'asar ya shirya. Tayyiba ta biyo shi zaure da hijabi a hannu. “Baba, tsaya in duba ko sun haɗu.”

“Jiya ke kika ja baƙin ko ni?” Ya fice.

Abu biyu suka faru ran nan. Na farko, an ɗauke wuta, sai ladan ya jawo babbar lasifikar nan mai taya da caji da ake ajiyewa don irin haka, ya kafa ta a gaban sahu, ya haɗa ta da ƙaramar da ke ɓangaren mata. Na biyu, Alaramma ya ga ya dace ya sabunta alwala. Alwala kuwa sai da shafar kunne.

Ya zagaya bayan randuna inda ba kowa. Ya zare su ya mayar akwati. Ya yi alwalarsa tsaf. Da buɗe akwatin kawai ya yi ya mayar da su kunne, da labarin nan bai zo muku ba. Amma mahaddaci ba ya fara sura daga tsakiya. Ya ɗauko daga farko.

Maɓalli. Ya danne har wuta ta ƙifta.

Shuɗiya. Ya danne.

Sunaye biyu suka fito. Bai tsaya kallon haruffa ba, don duk tururuwa ce a wurinsa.

Na sama.

A cikin masallaci lasifikar ladan ta yi “tilin!” Ladan ya ɗan mare ta a gefe ya ci gaba da warware igiyar makirfo.

Bayan salla aka zauna. Kiran Tayyiba ya shigo, ƙararsa ta fito ta lasifika. Ladan ya miƙe a fusace: “Don girman Allah a kashe wayoyi! Kullum sai an faɗa?” Alaramma bai ji ƙara ba, bai ji faɗa ba. Hasken waya ya gani ta bakin aljihu, ya taɓa kore, ya gyara zama.

Malam Haidar ya buɗe da addu'a ya gyaɗa kai. Alaramma ya yi “Ehem. Ehhhem,” ya ja ayar farko, kyakkyawa, masallaci ya yi tsit. Malam ya shiga bayani. Ya yi nisa. Ya gama. Ya kau da baki.

“Na'am, Alaramma.”

Alaramma na zaune ido a lumshe, yana jiran raɗa.

Raɗar ta zo. Amma ba kunnensa ta zo ba. Ta fito ta babbar lasifika, ta cika masallaci, ta fita ta tagogi har wurin masu sayar da kankana.

“Yanzu, Baba. Malam ya tsaya. Ja aya.”

Kawuna suka ɗago gaba ɗaya.

A ɓangaren mata, Tayyiba ta ji muryarta ta dawo mata daga bango. Ta manta da rufe murya, ta manta da kashe kira, wayar na tafinta ta juya wurin mahaifiyarta.

“Innalillahi! Inna, asirin Baba ya tonu!”

Wannan ma ta fito.

Hajo kuwa, baiwar Allah, ba ta san inda maganar take bi ba. Abin da ya daɗe yana cin ta ya taso mata, ta tafa hannu.

“Ai na faɗa masa! Na ce Malam ka je asibiti, kurumta ba zunubi ba ce. Ya ce wai sanyi ne. Sanyi! Mutumin da sai na girgiza gado yake sanin an yi kiran sahur!”

Wani tsoho a sahun gaba ya cusa hannun riga a baki. Samarin baya suka kifa kai a gwiwa, kafaɗunsu na rawa. Ladan ya yi tsalle ya nufi lasifika, ya murɗa wannan ya murɗa wancan, da ƙyar ya samu ta yi shiru.

A duk masallacin nan mutum ɗaya ne bai ji komai ba. Yana zaune a kan buzunsa, bayansa a miƙe, hannu a kan gwiwa, da ɗan murmushin nan na wanda ya san aikinsa. Yana jira.

Malam Haidar bai yi dariya ba. Ya dube shi, ya daɗe. Sannan ya ɗaga yatsa ya yi wa Suhail alama.

Da shirun ya yi wa Alaramma yawa, ya buɗe ido. Ya ga idanun sahun gaba ba shi suke kallo ba, bayan kafaɗarsa suke kallo. Ya waiwaya. Ya ga bakin Suhail yana motsi, jijiyar wuyansa ta tashi, yana jan ayar da take tasa.

Haka ya zauna har aka shafa. Bai san abin da ya faru ba sai a gida, da Tayyiba ta durƙusa tana kuka, kuma dole ta faɗa masa da ƙarfi, ta maimaita, har maƙwabta suka sake ji.

Bai zage ta ba. Bai yi wa Hajo faɗa ba. Ya warware rawaninsa ya ninke, ya shiga turaka. Ranar da ruwa kawai ya buɗa baki.

Bai koma tafsiri ba. Salla ma sai ya riƙa zagayawa wani ƙaramin masallaci a bayan layi, don in ya bi ta babban titi yara na leƙowa daga lungu suna maƙe murya: “Yanzu, Baba. Ja aya.” Ba ya jin su, amma yana ganin bakinsu. Tayyiba kuwa tana ji. Ita ma ta daina fita sai dole.

A goman tsakiya ta ce masa ta sake samo ranar likita. Bai yi musu ba. Ya sa hula ba rawani, ya bi ta. Likita ya gwada, ya sake gwadawa, ya ce na hagu ya riga ya tafi, ba abin da za a yi masa. Na dama da saura kaɗan, na'ura za ta ɗan taimaka, amma sai an jira. Ya ce da an zo da wuri, da akwai abin da za a tare.

Washegarin salla Malam Haidar ya zo gidan da kansa. Aka shimfiɗa masa darduma a zaure. Tayyiba ta kawo ruwa za ta koma, mahaifinta ya ce ta zauna daga gefe.

Suka gaisa. Malam ya sauke amawalinsa, abin da ba ya yi a gaban mutane. Ya ce kwamiti ya zauna tun a makon da abin ya faru, sun tabbatar wa Suhail da wurin, bana da baɗi. Ya ce ya yi magana, ya roƙa, amma dattawa sun ce abin ya faru a gaban jama'a, ba a mayar da shi. Alaramma yana ta gyaɗa kai a wuraren da bai kamata ba.

Sai Malam ya sunkuyar da kai, ya koma muryarsa ta kullum, ƙasa-ƙasa, ya yi wata magana doguwa.

Alaramma ya dubi bakinsa. Ya karkato da kunnen dama. Ya buɗe baki zai ce “haka ne,” sai ya fasa. Ya juya wurin 'yarsa.

“Tayyiba, ban ji ba. Me ya ce?”

Ta rarrafo ta sa baki a kunnensa. Dole ta ɗaga murya, a gaban baƙo, tana kuka.

“Ya ce tun bara ya sani, Baba. Ya ce kowa ya sani. Ya ce kullum yana so ya riƙa taɓa gwiwarka in ya gama bayani, ba wanda zai lura, amma ya ji nauyinka, kada ka ce ya mai da kai kurma. Ya ce jira yake ka faɗa masa da bakinka.”

A waje ana ta wucewa da kayan salla.

“Gwiwa?” in ji Alaramma.

“E, Baba.”

“Gwiwa kawai?”

“Gwiwa kawai.”

Ya sunkuya ya dubi gwiwarsa. Ya ɗora tafinsa a kai, a hankali, ya bar shi a nan. Har Malam Haidar ya yi sallama ya tafi, bai ɗauke hannun ba.

Darasi: Raunin da kake ɓoyewa, sau da yawa kowa ya gan shi, kai kaɗai ake jira ka ambata a taimake ka. Rashin lafiya ba abin kunya ba ne, girman kai ne yake mai da ƙaramar matsala ta zama wadda ba ta da gyara. Ka ce “ban ji ba,” ka ce “ban iya ba,” tun da sauran lokaci. Ku kuma masu jin nauyi, kada nauyin ya hana ku miƙa hannu. In kana da uba ko uwa ko malami mai cewa “sanyi ne,” tura masa wannan, ko ka zauna kusa da shi ka karanta masa da ƙarfi. Ku yaɗa shi, wani gidan na bukata.